Mai Ɗaki da Magini

Duk wanda ya taso a ɗakin soro ya san daren Agusta. Ruwa zai tsuge tun bayan isha'i, kana tsakiyar barci sai ka ji ɗis a goshi. Ka tashi ka lalubo kwano ka tara, ka ja katifa gefe, ka koma ka kwanta. Kafin ido ya rufe, ɗigon ya sake wuri. Gari na wayewa sai a aika a kira magini.

Akwai wani dattijon magini da ake kira mana a gidanmu na Fammar, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Ban taɓa ganin ya fara da hawa tsani ba. Sallama zai yi ya shiga ɗakin, ya dubi mai shi ya ce, "Ta ina yake zubar maka?" Ina yaro ina ganin ɓata lokaci ne, tunda tsagar tana sama. Sai da na yi hankali na gane lissafinsa. Babbar tsaga a kusurwar da ake jingine galma da tsofaffin buhuna za ta iya jiran kaka. Ɗan huji daidai saitin gado kuwa ba ya jiran ko kwana ɗaya. Daga kan rufi duka biyun tsaga ce, sai daga ciki ake sanin wadda take hana barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maginin nan ya faɗo mini a rai lokacin da muka yi jinyar Baffana. Ba shi ya faɗa mana ba, mu muka tsinta. Mutumin da ya shekara talatin yana sahun gaba ranar Juma'a ya koma zama bakin ƙofa. Ya daina zuwa kasuwar Rano. Shayin dare ma ya bar shi, ya ce wai ya fita a ransa. Inna ce ta tona asiri, ta ce tana jin ƙarar buta sau biyar kafin asuba. Ka tambaye shi kuwa, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, sai godiya."

Abin da ke damunsa ba baƙon abu ba ne. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata tsoka da likitoci ke kira furostet, girmanta kamar goro, ta zagaye bututun da fitsari ke bi. Tana ƙara girma da shekaru, har kusan rabin mazan da suka kai 60 tasu ta kumbura, ko sun ji a jikinsu ko ba su ji ba. Mafitsara tana riƙe kusan rabin lita, kwatankwacin ledar fiya wata guda. In tsokar nan ta matse bututu, abin da ke faruwa ga soro idan ganye da ƙasa suka toshe indararo shi zai faru: ruwa ya kwanta a sama, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, ba ya ƙarewa. Wani abin mamaki da likitocin mafitsara suka daɗe da sani shi ne girman tsokar ba ya tafiya daidai da wahalar mutum. Wani tasa ta yi ƙatuwa yana barcinsa lafiya, wani tasa ba ta kai ta kawo ba amma dare ya zame masa azaba.

Asibitin farko da muka je a birni, ba zan kama suna ba, mun bi layi tun hantsi har azahar. Likita ya ɗaga takardar hoton ciki ya ce kumburin ba wani mai yawa ba ne, tsufa ne. Minti uku ba mu yi a gabansa ba. Bai yi ƙarya ba, abin da hoton ya nuna ya faɗa. Ya dai hau rufi ya sauko bai leƙa ɗakin ba.

Alhali akwai ma'auni da aka tanada don wannan leƙen. A 1992 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta fitar da tambayoyi bakwai, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe su, aka san su da IPSS. Ana tambayar mutum game da watan da ya wuce: yana jin fitsari bai ƙare ba bayan ya gama? Yana komawa kafin awa biyu? Yana yankewa ya dawo? Yana matsarsa har ya kasa riƙewa? Ƙarfinsa ya ragu? Sai ya yi yunƙuri kafin ya fito? Sau nawa yake tashi da dare? Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 5. Jimilla daga 0 zuwa 7 abin da sauƙi, 8 zuwa 19 matsakaici, 20 zuwa 35 ya yi tsanani. Sai kuma tambaya ta takwas, wadda ba a haɗa makinta da sauran, ita kaɗai take tsayawa: in a haka za ka ƙare sauran rayuwarka da wannan fitsari, yaya za ka ji? Amsa daga 0, wato farin ciki, zuwa 6, wato abin ya kai maƙura.

Wannan ta takwas ita ce tambayar maginin Fammar. Likitan da ya san aikinsa da ita yake yanke shawara. Mutum biyu za su zo da maki 14. Ɗaya ya ce shi bai dame shi ba, sai a ce ya rage shan ruwa da shayi gab da kwanciya, ya dawo bayan wasu watanni. Ɗayan direba ne da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano, ba ya iya kaiwa Bunkure bai tsaya gefen hanya ba, fasinja na gunaguni. Wannan magani za a fara masa yau. Bayan an fara kuma a sake yi masa tambayoyin, don a ga ko abin da aka ba shi ya yi aiki.

To amma takardar nan an tsara ta ne don mutumin da zai zauna shi kaɗai da biro ya cike ta. Baffa yana karanta Alƙur'ani da ajami, boko kuwa ko sunansa ba ya rubutawa. Zaɓin amsoshin ma lissafi ne: ƙasa da rabin lokaci, kusan rabi, fiye da rabi. Wa yake auna fitsarinsa da rabi da kwata? Ga kuma kunya, domin galibi ɗa ko ɗan ɗan'uwa ne ke tsaye yana tafinta, kuma dattijo ba zai buɗe baki a gabansa ya ce wandonsa na jiƙewa ba. Tambaya ta takwas ta fi duka wuyar sha'ani. Ka ce wa Bahaushe mai shekara 70 yaya zai ji in a haka zai ƙare, zai ce maka abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, alhamdulillahi. Amsa ce ta mumini, ba mai ƙaryata ta. Sai dai in ka rubuta ta a matsayin "ba ya damuwa", ka tura shi gida da yoyonsa. "Da sauƙi" ɗin da muke ce wa mai dubiya ladabi ne, ko a gadon mutuwa muna faɗarsa.

Likitoci a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun ci karo da irin wannan matsala, a 2011 suka fitar da ma'auni na zane: hoton mutum yana fitsari nesa, kusa, ko ɗigo, hoton rana da na dare don ƙirga yawan zuwa, sai fuskoki daga mai murmushi zuwa mai baƙin ciki. Mutum ya nuna da yatsa. Dabara ce mai kyau, amma wadda na gani da idona ta fi burge ni.

Likita na biyu da muka gani matashi ne, jikan Baffa ma zai yi. Ya fara da ce mini, "Ɗan ba mu wuri." Abin da ya biyo baya daga bakin Baffa na ji, a mota muna dawowa, yana faɗa yana dariya.

"Ce mini ya yi, 'Baba, alwalar magariba tana kai ka isha'i?' Na ce ina fa, likita, ko nafila ba ta kaiwa. Ya ce, 'Huɗuba fa, kana iya zama har a idar?' Na yi shiru. Ya ce, 'Rabonka da barcin da ba ka farka ba sai kiran assalatu?' Na ce tun damina waccan."

Tambayoyin takardar ne ya sauya musu riga, ya auna da alwala da huɗuba da kiran salla. Abin da mu 'yan gida muka kasa tatsa a shekara guda, ya same shi cikin minti goma.

Ba na cikin masu yi wa likitoci kuɗin goro. Masu wannan fanni 'yan kaɗan ne, kuma a birni suka taru: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Cibiyar Mafitsara ta Abubakar Imam, Asibitin Murtala. Daga Rano, Kibiya, Tudun Wada, har maƙwabtan jihohi, can ake dosa. Ka tambayi kowane likita ko halin rayuwar majinyaci yana da muhimmanci, zai ce ƙwarai. Amma mai layin mutum hamsin a ƙofa abin da ya fi sauri zai kama, kuma duba takardar gwaji ya fi sauraron tsoho sauri. Ni a ganina tambayoyin nan ba sai likita ba. Ma'aikacin jinya namiji zai iya yi wa dattawa su da Hausa suna zaune a benci, a miƙa wa likita tare da kati.

Inda sauraron mai ɗaki ya fi zama dole shi ne wajen zaɓen gyara, don kowane gyara da abin da yake ci. Ka cire soro ka sa kwano, yoyo ya ƙare, amma da bazara ɗakin ya zama tanda. Ƙwayar tamsulosin tana sassauta bututu cikin kwanaki, sai dai takan sa jiri in mutum ya miƙe da sauri. Finasteride tana rage girman tsokar, amma sai an yi kusan wata shida ana sha, kuma takan rage wa wasu sha'awa. Aikin tiyata yana buɗe hanya sosai, amma yawancin waɗanda aka yi wa, maniyyinsu mafitsara yake komawa maimakon ya fito. Ga mai shekara 75 da jikoki cike da gida wannan ba komai ba ne. Ga mai 55 da ya yi amarya bara yana fatan haihuwa, magana ce babba, kuma haƙƙinsa ne a faɗa masa kafin ya sa hannu. Ko a kansar furostet haka ne. Wani bincike a Birtaniya mai suna ProtecT ya bi maza 1,643 da aka gano cutarsu da wuri, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka gasa ta da haske, wasu aka sa musu ido kawai. Sakamakon shekara 15 da ya fito a 2023 ya nuna kusan 97 cikin 100 cutar ba ta kashe su ba, ko wace hanya aka bi. Bambancin yana wajen abin da kowace hanya ta bar musu: yoyon fitsari, raunin mazakuta, damuwar hanji. Amma a lura, waɗannan da wuri aka gano tasu. Mu nan galibi sai ta ci ƙashi ake zuwa.

Kada kuma a ɗauka maginin nan a ɗaki yake tsayawa. Bayan ya ji ta bakin mai shi, tsani yake hawa, ya ƙwanƙwasa azara, don gara tana cinta shiru mai ɗaki bai sani ba. Akwai mutumin da mafitsararsa take cike kullum ba tare da ciwo ba, ruwa yana komawa baya yana danne ƙoda, shi kuwa yana cewa lafiya lau da gaskiyarsa. Shi ya sa gwajin yatsa ta dubura da dattawa ke gudu, da gwajin jini na PSA, da na ƙoda, da hoton abin da ya rage bayan fitsari, ba wanda jin daɗin majinyaci zai maye gurbinsa. Mu da muke kusa da ruwan Tiga da magudanan noman rani mun san wani misalin. Yaro ya yi wanka a ruwa ya kwaso tsargiya, ya riƙa fitsarin jini, kowa ya ce ai duk yara haka suke. Ɗakin da aka saba da yoyonsa ke nan. Ƙwayar praziquantel tana maganinta, amma in aka bar ta shekaru takan lalata mafitsara, har ta kai ga kansa.

Baffa ƙwaya aka ɗora shi a kai, ƙodarsa lafiya, ba a kai ga sa masa robar fitsari ba. Yanzu sau ɗaya yake tashi, wani daren biyu. Ya koma sahun gaba, shayin dare ne dai likita ya ce ya haƙura da shi.

Mai karatu, in za ka kai mahaifinka ko baffanka, ka sa a ƙirga masa tashin dare na kwana uku kafin ku tafi, ku je da lissafin. In kun shiga, ka gaida likita, ka fita ka ba su wuri. In kuwa jini ka gani a fitsarinsa, ko fitsarin ya tsaya cak, kada ka jira ƙirga, ku kama hanyar asibiti a ranar.