Majinyaci da Kuɗin Jinya a Asibitin Koyarwa

Asibitin koyarwa shi ne inda ake jinyar marasa lafiya, ana kuma horad da sababbin likitoci. Na farko a Nijeriya a Ibadan aka buɗe shi cikin 1957. Wanda aka turo irin wannan asibiti yakan sami gwanayen likitoci, ko da yake tilas ya haƙura da ɗalibai su kewaye gadonsa suna yi masa tambayoyi. Amma abin da ya fi damunsa kuɗi ne, gama kati da awon jini da magani kowanne da nasa biya, sau da yawa tun ba a soma aiki ba. Inshorar lafiya da aka soma cikin 2005 ma'aikatan gwamnati ta fi amfana. Manomi kuwa, in ciwo ya daɗe, sai mai jinyarsa ya koma gida ya sayad da akuya ko hatsin da aka ajiye domin damina.