Koyar da Ƙananan Yara Sha'anin Wata

Da wuya a sami yaro a ƙasar Hausa wanda bai san farin wata ba. A ƙarƙashinsa ake tatsuniya da wasan dandali, kuma da tsayuwarsa ake ɗaukar azumi a sauke. Amma idan aka tambayi yaron dalilin da ya sa wata ke farawa siriri, ya cika, sannan ya ƙare, sau da yawa amsar da zai bayar ita ce inuwar duniya ce ke rufe shi. Wannan kuskure ne da har manya ke faɗawa ciki, kuma idan ya zauna a kan yaro tun yana firamare, yakan bi shi har aji shida na sakandare.

Gaskiyar al'amarin ita ce wata ba shi da haske na kansa, hasken rana yake maidowa. A kowane lokaci rabinsa da ke fuskantar rana yana cikin haske, ɗaya rabin kuwa yana cikin duhu. Da yake yana kewaya duniya daga nisan kimanin kilomita 384,400, ɓangaren hasken da ake hangowa daga ƙasa yana sauyawa kullum. Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin akwai kwana 29 da rabi. Shi ya sa watan Musulunci ke yin kwana 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta tashi kwana 354 ko 355.

Yaro ɗan shekara bakwai ba zai riƙe wannan bayani da baki kawai ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Matakin farko shi ne a sa yara su duba sama bayan magariba, daga wuri guda, su zana abin da suka gani har tsawon mako biyu. Za su tarar da jinjirin wata a yamma, yana kwance kamar ƙoƙo. Bayan kwana bakwai za su gan shi rabi a tsakiyar sama. A wajen daren sha huɗu zai fito cikakke daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan fitowarsa takan yi jinkirin kimanin minti 50 kowane dare, har a wayi gari yara suna ganinsa da safe a hanyarsu ta zuwa makaranta.

Mataki na biyu ba ya bukatar kuɗi. Malami ya sami ɗaki mai duhu, da fitila guda, da lemo a soke a jikin tsinke. Fitilar ce rana, lemon shi ne wata, kan yaron kuma duniya. Yaro ya miƙa hannu ya riƙe lemon ɗan sama da kansa, yana fuskantar fitilar: gefen da yake gani duhu ne. Ya juya a hankali ta hagu, zai ga haske ya ɓullo siriri a gefen lemon, ya kai rabi, har ya cika lokacin da ya ba fitilar baya. Duk wannan ya faru ba tare da wata inuwa ta taɓa lemon ba.

A nan ne malami zai ce ya sauke hannunsa kaɗan, lemon ya shiga inuwar kansa. Wannan shi ne husufin wata, wanda yara kan fito da gwangwanaye suna kaɗawa wai rana ta kama wata. Husufi ba ya aukuwa sai wata ya cika, kuma ba kowane wata ake yin sa ba, domin hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana. Wanda aka gani a ranar 27 ga Yuli, 2018, wata ya shafe awa ɗaya da minti 43 cikin inuwar duniya baki ɗaya.

Har ila yau, bai kamata a watsar da sunayen da yara suka gada a gida ba. Zara, wadda ake yi wa laƙabi da matar wata, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, Turawa na kiranta Venus. Kaza da 'ya'yanta kuwa gungun taurari ne na ainihi, kuma a watan Nuwamba akan gan su a gabas da almuru.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa malami ya fara wannan darasi shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya yi kauri. Ɗaliban sakandare ma na iya gwada shi a gida da ƙannensu, su fara daga daren da aka ce wata ya tsaya.