Laburaren Jami'a a Wayar Ɗalibin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ɗan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ya samu gurbin jami'a galibi wani gari yake tafiya: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ta Tarayya a Dutsin-ma, ko Ahmadu Bello a Zariya. A da, in hutu ko yajin aiki ya riske shi a gida yana tsakiyar rubuta kundin digiri, dole ya hau mota ya je ya binciki katunan laburare. Yanzu jerin littattafan ya koma intanet, inda zai rubuta sunan marubuci ko maudu'i ya ga abin da ke akwai. Tsadar mujallun takarda da cunkoson ɗalibai ne suka tura jami'o'i wannan hanya, ga JSTOR da ta buɗe wa cibiyoyin Afirka rumbunta kyauta tun 2006, sai manhajar TERAS da hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ƙaddamar a 2023. Ga wanda ya san fargabar hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, rage tafiya ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai sauƙin na wanda ke da sabis ne. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan ukun, aka shafe watanni ba a dawo da su ba. Ɗalibin da ke Faskari a lokacin ya rasa laburaren baki ɗaya, alhali ɗan ajinsu na birnin Katsina na ta sauke maƙalu. Ko a yau, mujallun da jami'a ta biya wa kuɗi sau da yawa ba sa buɗuwa a wajen harabarta sai da lambar shiga.

Wasu za su ce ai Google ya wadatar. Google kan nuna maka taken maƙala, ya tsaya a bakin ƙofar biya, kuma bai san kundin da ke jibge a kanta a sashen nazarin ƙasa ba. Wannan giɓin ya fi damuna, domin abin da ɗaliban yankin suka fi bincika, kamar farar ƙasar Ƙanƙara, noman masara da auduga, ko rikicin makiyaya da manoma, yawancinsa yana cikin kundayen da ba a ɗora a intanet ba tukuna. Har rubutun sunan garin kansa tarko ne: wanda ya shigar da bayanin littafi ya rubuta "Kankara" ba ƙugiya, ɗalibi ya nemi "Ƙanƙara", na'ura ta ce babu komai, ga littafin kuwa yana kan kanta.