Ko Kun Sani? Fitsarin Kwance a Karnuka

Karyar da aka yi wa tiyata don hana ta haihuwa na iya fara fitsarin kwance, wani lokaci bayan shekaru da yin aikin. Tana barci fitsarin ke ɗiga, ta farka ta tarar da shimfiɗarta sharkaf, ita kanta ba ta sani ba. Dukanta a kan haka zalunci ne. Tsokar bakin mafitsara ce ta saki, kuma raguwar sinadarin istirojin na da hannu a ciki. Manyan karnuka irin Doberman sun fi fama da wannan matsala. Likitocin dabbobi kan ba da maganin phenylpropanolamine, mai ƙara matse tsokar. A da har cikin magungunan murar mutane ana sa shi, kafin hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi a 2000.