Suga da zuciya: abubuwan mamaki a taƙaice

Duk sugan da ke yawo cikin jinin babban mutum mai lafiya da safe bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Kwalbar lemo ɗaya da ake kwankwaɗa a Sabon Tasha da ke Kaduna cikin zafin rana tana iya ɗauke da ninkinsa bakwai.

Gwajin suga na safe yana son awa 8 babu abinci. Ruwa ba ya ɓata shi, amma koko ko shayi na ɓata shi. Ƙasa da 100 mg/dL lafiya lau. 126 zuwa sama, idan aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Tsakanin nan kuwa, gargaɗi ne.

Wannan 126 ɗin ba don zuciya aka yanke shi ba. A 1997 masana a Amurka suka sauko da shi daga 140, kuma lalacewar jijiyoyin ido suka duba. Zuciya ba ta jiran wannan lamba. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2010, kan mutane kusan 700,000, ya nuna haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya yana fara ɗagawa kaɗan-kaɗan tun daga 100, ga mai ciwon suga kuma ya kai kusan ninki biyu. Wannan ne ya fi damuna: mutum ya ga 115 a takarda, a ce masa "ba ka da suga", ya koma gida hankali kwance, alhali ga hawan jini, ga teɓa.

Wani ya kwana bai ci komai ba, ya tashi sugansa ya hau. Hanta ce ke sakin ajiyarta gab da asuba.

Mai ciwon suga na iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba, saboda sugan ya lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Sai gajiya, haki ko gumi, a ɗauka shawara ce.

Saukar da suga da ƙarfin tsiya ma ba dabara ba ce. A 2008 aka dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD, mai mutane fiye da 10,000, domin waɗanda aka matsa wa magani sun fi mutuwa.

Ga masu sikila, gwajin HbA1c na wata uku yana iya yin kuskure, don haka na safe ya fi musu.

Mazauna Kakuri, Makera, Barnawa da Narayi a Kaduna ba sai sun tsallaka gada ba: ga Asibitin Gwamna Awan, ga St. Gerard's. Ku je kafin karin kumallo, a auna muku hawan jini tare, ku kuma nemi a faɗa muku lambar.