Hawan Jinin Idon da Ya Ƙi Jin Magani

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Tsamiya inda ake ƙetarawa zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya san maganin ɗiga wa ido ba ya wuyar samu. Ido ya yi ja, a tsaya wajen mai kyamis, a ɗiga, jan ya kwanta. Waɗanda suka fi damuna su ne mutanen da asibiti ya riga ya ce suna da hawan jinin ido, wato gilakoma, suna bin magani ba fashi, amma ganinsu sai ƙara dusashewa yake yi.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, gilakoma ce ta fi makantar da 'yan Nijeriya. Sai dai a wasu marasa lafiya, hawan matsin ido reshe ne, saiwar tana wani wuri. Ɗaya daga cikin irin waɗannan saiwoyi ita ce sarkoyidosis, cutar da garkuwar jiki ke tara ƙananan ƙulle-ƙullen kumburi a sassan jiki, musamman huhu. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma har yau masana ba su gano takamaiman musabbabinta ba. Idan ta shiga ido, kumburin kan toshe magudanar ruwan cikinsa, matsi ya hau. Likita ya auna, ya ga lambar ta hau, ya ba da maganin sauke ta. Lambar ta sauka, kumburin kuwa yana can yana cin bayan ido da jijiyar gani.

Maganin da ke kwantar da wannan kumburi, wato sitiroyid, shi kansa yana ɗaga matsin ido idan aka daɗe ana ɗiga shi. Wasu daga cikin kwalaben da ke kashe jan ido, irinsu ne. Ga kuma wata matsala: a hoton ƙirji, sarkoyidosis kan yi kama da tarin fuka sosai. A iya ɗora mutum kan maganin tarin fuka na wata shida a banza, ko a ba mai tarin fuka sitiroyid shi kaɗai, cutarsa ta bunƙasa.

Ba ina cewa cutar ta yawaita a Bagudo ba. Roƙona ga ma'aikatan lafiyarmu shi ne, mai gilakoma da idonsa ke ja, yake gudun haske, ko yake ganin baƙaƙen ɗigogi na yawo, a tambaye shi busasshen tari, haki da ƙuraje a fata. A rubuta amsar a takardar da za a tura shi da ita Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A kuma ce ya tafi da duk kwalaben da ya taɓa saya, har waɗanda aka kawo masa daga ƙetaren iyaka masu rubutun Faransanci.