Dayinin mai kujera shida a falon haya

Na gaji da ganin abu ɗaya duk ranar jere. A sauke dayinin mai kujera shida, dogon tebur mai kusan santimita 180, a cusa shi a falon da kujerun zama ma da ƙyar suka shiga. Dole a manna shi da bango, kujeru biyu sun mutu ke nan. Wata biyu bayan bikin 'yar ƙanwata na leƙa gidanta, na tarar da kuloli da dutsen guga da tarin kayan wanki a kan teburin, ita da maigidan suna cin tuwo a ƙasa.

Da na tambayi uwarta me ya hana a sayi zagayayye, cewa ta yi: "Haba Yaya, ɗan ƙaramin nan? Ai sai dangin miji su raina mu." To, a zo a yi lissafi. Mai cin abinci yana buƙatar kimanin santimita 60 na bakin tebur. Zagayayye mai faɗin 120, kewayen bakinsa ya kai kusan 377. Mutum huɗu za su zauna a sake, baƙi biyu su samu wuri idan an matsa. Ina ƙanƙantar take? Kusurwoyi kawai ya rasa, su kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na fili suke cinyewa a tebur mai murabba'i, ba wanda ke cin abinci a kansu, sai bugun ƙugu da goshin yaro mai koyon tafiya. Mu da muka tashi muna kewaye akushi ɗaya, yaushe da'ira ta zama abin kunya?

Kafin a je wurin kafinta, a ɗauki tef a auna. A zana da'irar a ƙasa da alli, a bar santimita 90 tsakaninta da bango domin jan kujera. A ce wa kafintan ya yi teburin da ƙafa ɗaya a tsakiya, irin wanda Eero Saarinen ya yi wa kamfanin Knoll a Amurka a shekarun 1950, don gwiwa ta daina karo da katako. Amma gindin ya yi faɗi da nauyi, in ba haka ba yaro na jingina miya ta kife. Kada faɗin teburin ya wuce 150, hannu ba zai kai tsakiya ba. Wurin da yake siriri kamar lungu kuwa, zagayayye ba zai zauna ba, sai dai ɗan tebur mai naɗewa a jikin bango.